Furfurar Shugaban Matasa

Duk shekara idan taron matasan coci na ƙasa ya matso, Mai Aski ya san wanda zai fara ɗaga labulen shagonsa. Shugaban matasan yankinsu ne. Zai shigo yana nishi, ya faɗa kan kujera, ya zaro kwalbar maganin baƙin gashi daga aljihu.

"Shafa mini sosai, har gemun. Kada ka bar ko sili ɗaya."

"To, Baba."

"Wane ne Baba? Na hana ka fa. Yaya za ka ce."

Mutumin nan jikokinsa biyu, babbar har ta shiga makaranta. Tun Mai Aski yana makarantar Lahadi yake riƙe da kujerar matasa, shi da mataimakinsa mai ciwon gwiwa da wasu abokansu na tun zamanin samartaka. Su ne wakilan yanki duk shekara. Su tafi a mota, su dawo da hotuna da labarin irin naman da suka ci.

Shi kuwa Mai Aski shi ke jan mawaƙan matasa. Akwai wata waƙa da ya tsara da kansa, yana bayarwa yara suna amsawa, in suka rera ta a coci har tsofaffi mata sukan share hawaye. Burinsa ɗaya a duniya, ya tsaya gaban taron ƙasa ya rera ta da sunan yankinsu. Amma duk sa'ad da ya yi maganar, hannunsa dumu-dumu da baƙin rini, amsar ba ta canzawa.

"Mota ta cika. Kai da kake yaro, me kake ci na baka na zuba? Baɗi in Allah ya kai mu."

Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ma ta bi ta. Mai Aski ya yi aure, ya haifi ɗa, yana nan dai yaro. Abin ya ishi matarsa. "Ni ka daina cika mini kunne," in ji ta. "Kai ne kake rina masa kai, kuma kai ne kake dawowa gida kana tsaki. Ranar zaɓe bakinka ciwo yake yi?"

Gaskiya ta faɗa. Duk ranar zaɓe matasa sukan yi ta gunaguni a bayan coci, amma da Shugaba ya miƙe ya yi gyaran murya, sai kowa ya sunkuyar da kai, wai kunyar manya.

Bara ne asiri ya tonu. A gasar waƙa numfashin mataimaki ya ɗauke a tsakiyar baiti, yankin ya zo na ƙarshe. Ran Fasto ya ɓaci, ya ce bana dole a tafi da mawaƙa. Da ƙyar da jiɓin goshi Shugaba ya saki rabin kujerun mota. Mai Aski ya rufe shago, ya goge farar rigarsa har tana ɗaukar ido, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

A ƙofar filin taro suka tarar da layi. Wata budurwa ce zaune gaban tebur tana duba katin shaida. Ashe tun da can akwai dokar cewa wanda ya haura talatin da biyar ba ya shiga, ba a dai taɓa bin ta ba sai bana.

Rana ta take, Shugaba yana ta gumi. Baƙin rinin ya narke ya gangaro ta bayan kunnensa, ya sauka a wuyan riga. Budurwar ta dubi katin, ta dube shi.

"Baba, taron iyaye maza ai sai wata mai zuwa."

"Kin san ko ni wane ne? Tun ba a haife ki ba nake zuwa taron nan!"

"To ai shi ya sa, Baba."

Mai Aski ya danne dariya, zuciyarsa fari ƙal. Ya miƙa nasa katin yana gyara wuyan riga. Sai ya ga budurwar tana lissafi da yatsu.

"Yaya, kai ma ka wuce. Talatin da shida."

"Haba ƙanwata! Waƙar tawa ce, ni nake bayarwa. Wannan ne zuwana na farko."

"Yi haƙuri, ba ni na kafa dokar ba. Da bara ka zo, da ka shiga."

Yaran suka shige suna waiwayensa. Ya samu gindin wata bishiya a bakin katanga ya zauna. Can ya ji an kira sunan yankinsu a lasifika. Wata siririyar murya ta ɗauko waƙar tana rawa, amshi ya shigo ba a kan gaɓa ba, kafin baiti na biyu komai ya watse. Aka yi musu tafin tausayi. Mai Aski ya rasa ma wanda zai fi jin haushinsa, Shugaba ko kansa.

Shugaba ya matso kusa da shi yana fifita da hula. Ya ƙura wa gashin Mai Aski ido, irin kallon da shi Mai Askin ya saba yi wa mutane a shago.

"Kai, ashe ka fara furfura? Kada ka damu, akwai saura a kwalbar. In mun koma sai ka shafa."

Jama'a, ƙuruciya ba ta jiran a gama da kujera. Babban da ya ƙi tashi yana cinye wa na baya lokacin da ba ya dawowa, yaron da ya yi shiru kuwa da hannunsa yake rina masa furfurar.