Kurmin da Yagana Ke Shiga da Ƙafar Hagu

Derrick ya zagaya da tef ɗin awo a gindin ɗorawa ta goma sha ɗaya, ya rubuta, ya yi tsaki. Gonakin hanyar Maiha duk ɗaya ne: ɗorawa, darbejiya, sai masara.

Aikinsa na gama jami'a shi ne auna kabon, wato hayaƙin da itatuwa ke shanyewa su adana a jikinsu. Malaminsa ya ce sai ya gwada gona da dajin da mutum bai shuka ba, in ba haka ba ya maimaita shekara. Daji kuwa masu gawayi sun gama da shi.

Tsohuwa Yagana, mai gonar, ta gaji da tsakinsa.

"Ɗan nan, akwai wuri bayan mayo, rafin can. Gatari bai taɓa shiga ba."

"Kaka, me ya hana?"

"Wa zai dafa tuwo da icen wurin?"

A bakin kurmin ta tsaya, ta yi 'yar addu'a ƙasa-ƙasa, ta sa ƙafar hagu. Derrick ɗan coci ne, bai san wannan ba. Ya ce a ransa lallai mazaunin iskoki ne, ya tuɓe takalmi.

Kanya, baure, magarya, tsada, gwaiba, ko'ina a cunkushe. Iri ashirin da uku ya ƙirga, kuma duk ana ci. Ƙasar baƙa wuluk. Ya damƙo, ya shinshina, ya cika leda shida. Ya miƙa wa Yagana gwaiba, ta ce ta ƙoshi.

Lissafi ya nuna kurmin ya ninka gona sau bakwai wajen kabon. Malamin bai yarda ba sai da ya zo da kansa daga Mubi, da ƙaton cikinsa. Shi ma ya tuɓe takalmi, ya zauna dirshan a ƙasa, ya ci gwaiba huɗu, ya sa hannu a takardar Derrick a kan gwiwarsa.

"Iya," ya ce yana lasar yatsa, "wace ibada kakanninku suka yi a nan har wuri ya yi albarka haka?"

Yagana ta dube shi sama da ƙasa.

"Ibada? Kafin a tilasta mana haƙa masai, shekara hamsin, nan duk ƙauyen ke zuwa da buta kowace safiya."