Gadajen da Aka Toshe wa Kunne

Tun da ambaliya ta zama baƙuwar kowace damina, aka kawo wa gidan tsofaffi na bakin kogi gadaje masu tafiya da kansu. Da jiniya ta yi kuka, sai su kwashi masu su zuwa kan tudu.

Ranar gwajin farko, gadon Inna Delu ya riski na Baba Mati, yayan marigayi mijinta, a bakin ƙofa.

"Tsaya," ta ce wa gadon, ya tsaya cak. "Yaya, bismillah, wuce."

"A'a, Delu, fara wucewa."

Suka ɓarke da gaisuwa har da tambayar jikoki, gadaje suka yi cincirindo a bayansu. Ladidi mai kula da gidan ta yi dariya har da hawaye.

"Inna, da ruwan gaske ne, da yanzu da kifaye kuke gaisawa."

Kafin gwaji na biyu, masu gyara suka toshe wa gadajen kunne, don kada su ƙara jin umarnin masu su. Jiniya na tashi, gadon Delu ya wuce na Baba Mati a guje. Ta rufe fuska da mayafi don kunya, tana ƙwala masa ina kwana daga nesa.

A kan tudu aka raba kunu ana ta raha. Gadon Baba Mati ne ya iso ƙarshe, haka ma a gwajin da ya biyo baya.

"Ladidi, wa ya bar babbanmu a baya?" Delu ta tambaya.

Ladidi ta gyara mata matashi. "Gadajen ne ke zaɓa, Inna. Sha kununki."