Kalangun da Bai Bi Fayil Ba

Kai da ka fara koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, kake tambaya me ya sa sai an faɗi rumbun da murya take kafin a faɗi lambarta, bari in ba ka misali.

An yi wani mai haɗa kiɗa a situdiyo, mutum ne mai son bin diddigi, ko rediyo ya saya sai ya kwance ya ga cikinta. Yana da kawu, tsohon makaɗin 'yan dambe. Tun kawun na da ƙarfi ya zaunar da shi gaban makirfo, ya ɗauki muryar kalangunsa bugu-bugu, da na matse tsirkiya da na saki, ya zuba a kwamfutarsa. Ita manhajar kiɗa rumbuna gare ta. Rumbun farko na kowa da kowa ne, masu ƙera ta sun yi yarjejeniya a kansa, lambar da ta ba ka fiyano a Kano ita za ta ba ka fiyano a ko'ina. Sauran rumbunan kuwa kowa da abin da ya ga dama ya zuba. A ɗaya daga cikinsu mutumin ya ajiye kalangun, yau da gobe har ya manta cewa shi ya kai shi can. In ya danna lambar kalangu ya amsa, shi ke nan.

Ana nan ciwo ya shanye wa tsohon hannun dama. Ga kuma wani ɗan damben mahauta da zai yi karawarsa ta ƙarshe a wani gari mai nisa, wanda tun tasowarsa bai taɓa shiga fage ba sai da taken da tsohon nan ke kaɗa masa, in bai ji shi ba jikinsa ba ya tsima. Mai haɗa kiɗa ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya zauna da kawunsa, tsoho na karanta taken da baki, shi yana jera bugun, har tsohon ya share hawaye ya ce haka yake. Bai naɗe shi ya zama gamammen sauti ba, don take yakan ƙara sauri in faɗa ya yi zafi, dole a bar damar ƙara masa saurin. Sai ya tura wa mai sautin garin, wanda zai kula da lasifika a fage, fayil na umarni kawai, mai cewa buga lamba kaza, nan da ƙarfi, nan a hankali. Ya yi mamakin rashin nauyin fayil ɗin, yaya kalangu guda zai wuce ta waya kamar ƙwayar gero? Tambayar ta yi ta sosa masa rai a motar da ta ɗauke shi da kawunsa zuwa garin, amma karo ɗaya a rayuwarsa ya bar abu bai kwance ba.

Ranar karawa fage ya cika. Aka zaunar da tsoho a gaba, ɗan dambe ya fito da hannu a naɗe, mai sauti ya danna. Kwamfutarsa ta karanta lambar, ba a gaya mata wani rumbu ba, ko an gaya mata ma ba ta da shi, sai ta buɗe na farko ta ɗauko abin da ke zaune a wannan lamba. Lasifika ta saki ƙarar 'yar ƙararrawa siririya irin ta keken mai askirim. Bugun bai kuskure ko ɗaya ba, taken ne tsaf, sai dai da bakin ƙararrawa. Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu kiran a miƙo musu na madara. Ɗan damben ya tsaya yana jiran tsimar da ba ta zo ba. Ya dubi tsohon, ya dubi abokin karawarsa, sannan ya sa haƙori ya warware zaren hannunsa ya fice daga fagen. Haka ya rufe dambensa, ba a kashe shi ba, bai kashe kowa ba.

Kunya ta rufe mai haɗa kiɗa, amma duk da haka sai da ya je ya leƙa kwamfutar mai sauti, don ya kasa haƙura bai san dalili ba. Nan ya ga amsar tambayarsa. Kalangu bai taɓa barin situdiyo ba, lambarsa ce kawai ta yi tafiya. Ya dawo ya durƙusa gaban kawunsa zai yi bayani, tsohon ya ɗaga hannun da ya rage masa ya ce, “Bari, ɗana. Hannun nawa ne, na gane shi. Bakin ne ba nawa ba.”

Na'urar ba ta yi wa kowa ƙarya ba, abin da ke rumbunta ta bayar. Hausawa sun riga sun faɗa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.