Ruwan Famfo

Da aka buɗe siton wani kamfani a Sharada, kwandunan mangwaron mahaifin wata ma'aikaciyar wurin ne kaɗai ke ɗigar ruwan ruɓa.

Aikinta a nan shi ne tsoma mangwaron manoma cikin wani magani da ake tacewa daga fumfuna, don kada ya lalace kafin kasuwa. Ita kuwa tun farko ƙyamar ruwan maganin take yi. Na kowa ta tsoma, amma da ta zo kan na mahaifinta, wahalarsa ta shekara guda, sai ta faki ido ta wanke shi tas da ruwan famfo.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙudajen da suka rufe kwandunansa, sannan ya juyo gare ta.

"Ƙaddara ce, 'yar nan. Ai na san nawa kika fi jiƙawa da maganin."