Telan da Ya Raina Bandeji

Na lura tun da ka zauna hannunka bai bar kan ɗaurin ciwon nan naka ba. Sauke shi tukuna, in ba ka misalin wani tela da aka yi a garinmu.

Tela ne na gaske, irin wanda in ya murza yadi da yatsa biyu zai gaya maka ko zai zuba ko ba zai zuba ba. Ana cikin azumi, ɗinkin Sallah ya cika masa shago har ba wurin shimfiɗa buzu, sai iska ta ɗaye kwanon rumfarsa. Garin gyarawa, bakin kwanon ya zame ya tsarge shi a ƙwauri, a ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Aka kwashe shi sai asibiti. Wata dattijuwar nas ta wanke ciwon, ta ɗinke, ta farke wata takarda ta zaro farin ƙyalle shara-shara mai huji kamar rariya, ta ɗora, ta bi da auduga, ta naɗe da bandeji. Ta ce, "Malam, ka je ka miƙe ƙafar nan ka huta. Kada ka jiƙa, kada ka buɗe. Ranar wankin ciwo ka dawo, ni zan buɗe da hannuna." Ya ce to, amma idonsa na kan ƙyallen, a ransa yana cewa wannan saƙar ko aljihu ba zai yi da ita ba.

Da ya koma gida zama ya gagare shi. Ya kwanta, ya tashi, ya jingina da bango, ya ɗingisa zuwa zaure ya dawo. Daga bakin titi yana jiyo kekunan sauran teloli suna ta zuba, kowane taku kamar a ƙirjinsa ake yi. Sallama kuwa ba ta yankewa: wannan ya zo jin labarin babbar rigarsa, wancan na kayan 'ya'yansa, kowa sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi sannan ya tambayi yaushe. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya fara ƙaiƙayi, wanda alamar warkewa ce, shi kuma ya ɗauka ɓaci ne. Ya ɗaga gefen bandejin don ya leƙa kawai. Ƙyallen ya riga ya kama sabon naman da ya fara tsirowa, da ya ja sai ya taho da shi, jini ya biyo. Ya mayar ya ɗaure. Kafin la'asar ya sake leƙawa.

Washegari ya ce rabin yini kaɗai zai yi a shago. Yana fara taka keke bandejin ya saki, ya zamo masa idon sawu. Ya ja shi sama, ya sake zamowa. Haushi ya kama shi, ya warware duka ya jefar, ya sunkuya ƙarƙashin keke ya tsinto ragowar wani yadi mai sheƙi da santsi, irin mai roba-roba, shuɗi. Ya yanke shi daidai, ya kalmashe bakinsa tsaf, ya naɗe ƙafar tamau. Ɗaurin ya yi kyau, ba ya motsi. Da ya koma gida shan ruwa matarsa ta duba ta ce, "Maigida, wannan yadin fa ko zufa ba ya sha." Ya ce, "Ke za ki koya mini yadi?" Haka ya ci gaba da taka keke safe da yamma. Yadin nan ba ya barin iska ta shiga, ba ya tsotse ruwan ciwo. Zufa da mugunya suka taru a ƙarƙashinsa, shuɗin ya zuba cikin naman, ɗinkin asibiti ya ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Yana jin zugi, sai ya ƙara tamke ɗaurin ya ƙara sauri. Ya dai gama riguna 'yan kaɗan, rannan ya miƙe zai ɗauko almakashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ta kumbura har gwiwa, jikinsa ya yi zafi kamar dutsen guga.

Da aka mayar da shi asibiti, sai da nas ɗin nan ta sa almakashi ta tsarge yadin, wari ya cika ɗakin. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauko sabon ƙyalle ta ɗaga shi saitin taga ta ce, "Ta hujin nan ciwo yake shan iska, ta nan ruwansa yake wucewa cikin auduga." Aka ba shi gado. Waɗanda suka ba shi ɗinki suka yi ta zuwa shagon suna kwashe yadukansu, wasu a yanke, wasu ko awo ba a yi ba, suka kai wa maƙwabtansa. Ranar idi yana kwance ya ji kabbara, ya hango mutane ta taga cikin sababbin kayan da wasu hannuwa suka ɗinka, 'ya'yansa suka zo gaishe shi da kayan bara. Ciwon da zai warke kafin a ga wata ya riƙe shi har aka fara cinikin ragunan layya, kuma da ya tashi ƙafar ba ta ƙara taka keke kamar da ba.

Abin da ya sa ke nan Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.