Bakin da Ke Bayan Mayafi

Zinatu ta fara ganin Maiwada a kasuwar Jega, yana ɗinke buhun albasa. Ta tambayi kuɗin kwano ta bayan mayafin da take rufe baki da shi. Maganar ta fito a cakuɗe, kamar kullum. Bai yi dariya ba. Ya dubi kwanon da ta nuna, ya ɗaga yatsu uku.

Shekara biyu ke nan wani ƙullutu yana girma a ƙarƙashin harshenta. Ba ya ciwo, sai dai ya kumbura mata haɓa, ya ɗaure mata magana. A garinsu Maiyama yara suna kwaikwayonta. Ta daina zuwa biki, ta koma ɗaki da littattafanta.

A zuwanta na huɗu ya miƙo mata lambar wayarsa a guntun kwali. Kullum saƙonsa na zuwa daga garinsu Aliero. Bai taɓa kira ba, ita kuwa ta gode wa Allah.

Ran nan ya rubuto: "Zan turo magabatana. Amma sai kin buɗe fuska kin faɗa mini da bakinki."

Wata uku ba ta taka Jega ba. Idan ta buɗe, zai gani. Idan ta ƙi, zai tafi.

Yayarta A'i ce ta ja ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗauki hoto, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji.

"Ba ciwon daji ba ne," in ji likita. "Rigar da ke lulluɓe jijiya ce ta yi ƙari. Za mu cire, amma harshen na iya yin nauyi."

Ta sa hannu.

Bayan aikin, sati shida tana maimaita magana ɗaya a gaban madubi.

Da ta koma Jega, ta tarar da Maiwada ya ba da baya, yana ɗinki. Ta kira sunansa, sunan ya fito sarai. Bai waiwayo ba. Ta sake kira. Fushi yake yi ke nan, ta ce a ranta.

Ta zagaya gabansa, ta sauke mayafin.

"Na yarda, Maiwada. Ba ni ƙara ɓoye maka bakina, har abada."

Ya ƙura wa leɓɓanta ido har ta gama.

"Kar ki ƙara kuwa," ya ce, muryarsa ta yi sama fiye da kima. "Tun da sanƙarau ya tafi da kunnuwana ina ɗan shekara goma, da ido nika jin magana."