Fasinja na Ashirin da Huɗu

Sau uku Thuan direban mota yana ƙirga fasinjojinsa a cikin jirgin ruwa: ashirin da uku. Takardar kamfani kuwa ashirin da huɗu ta ce. Da safe a wurin cin abinci waya ta ɗauke masa hankali, ya ja mota bai ƙirga kowa ba. Ke nan ya baro wani Khiem, mai kujera ta sha biyu a motar, a bakin hanya.

Jirgi ya yi nisa a kogin Mekong, 'yan yawon shaƙatawa sai ɗaukar hoto suke. Ya lallaɓa wurin tsohuwar da ke da kujera ta sha ɗaya, ya durƙusa.

"Kaka, ki yafe mini. Mutumin da ke kusa da ke, na baro shi a hanya."

Tsohuwa ta ƙanƙame jakar da ke kan cinyarta, idonta ya kawo ruwa.

"Ni ce zan roƙi gafararka, ɗana. Ga shi nan. Ƙasusuwan mijina Khiem ne muka tono, zan mayar da shi garinsu. Na san ku direbobi ba kwa yarda ku ɗauki mamaci, shi ya sa na saya masa kujera, na ja bakina."

Thuan ya zuba wa jakar ido. Jakar nan ce ɗazu ya fizgo daga kan kujerar mota, ya wurga cikin jirgi yana faɗan a yi sauri, har ya ji wani abu a ciki ya ce ƙas.